Lambar babur a tseren motokuros: wa ke bayarwa, kuma yaya ake riƙe ta?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan lambobin da ke jikin baburan motokuros, wato tseren da ake yi a filin ƙasa mai tudu da kwari da taɓo. Ga waɗanda muka zaɓo.

Assalamu alaikum. Ina kallon tseren Amurka a YouTube. Sai in ga mai lamba 18 yana gaba, mai lamba 7 kuma yana can baya. Ashe ba gwani ake ba ƙaramar lamba ba? Daga wani makaniken babur, Kaduna.

Wa'alaikumus salam, Malam. Da kafin shekarar 2000 ka yi wannan tambaya, da mun ce hasashenka daidai ne. A wancan zamani hukumar AMA, mai kula da tseren babur a Amurka, takan haɗa makin kowane mahayi na shekara, ta jera su, kowa ya ɗauki lambar matsayinsa. Shekara na juyawa lamba ta canza. Wannan ya wahalar da 'yan kallo, ya wahalar da masu buga riguna, domin ba a gama sabawa da lambar mutum ba an sauya masa wata. Daga 2000 aka shigo da lambar dindindin, kuma tsarin yana da hawa-hawa.

Lamba 1 ta zakaran bara ce, kuma dokar yanzu ta wajabta masa sa ta. Amma a gasar da ya ci kaɗai, a ajin da ya ci kaɗai. Amurka na da manyan gasanni biyu: Supercross, da ake yi a cikin filayen wasa daga Janairu zuwa Mayu, zagaye 17, sai Pro Motocross na fili a waje, zagaye 11, a watannin zafi. Kowace tana da aji biyu, na ƙaramin inji mai cc 250 da na babban inji mai cc 450. Chase Sexton ya ci Supercross na 450 a 2023, don haka a 2024 ya sa 1 a filayen wasa, da aka fita waje ya koma lambarsa 4. Mai lamba 18 da ka gani, Jett Lawrence ne ɗan Ostireliya. Ya ci kambun waje na 250 a 2022, amma da ya hau ajin 450 a 2023 bai tafi da 1 ba, tunda ba nan ya ci ta ba. Da 18 ɗinsa ya cinye dukkan tsere 22 na gasar waje ta kakar, biyu a kowane zagaye.

Daga 2 zuwa 9 an keɓe su ga wanda ya taɓa cin kambun ƙasa baki ɗaya, kamar Supercross na 450, ko Pro Motocross na 450 ko na 250. Supercross na 250 bai shiga ciki ba, saboda an raba shi Gabas da Yamma, kowane yanki da zakaransa. Shi ya sa kake ganin 1E (zakaran Gabas) da 1W (zakaran Yamma). Mai lamba 7 da ka hango, Aaron Plessinger ne. Ya ci kambun waje na 250 a 2018, ya ɗauki 7 a 2019. Lambar tana shaidar abin da ya taɓa ci ne, ba ta ce yau shi ne na bakwai ba.

Sai 10 zuwa 99, inda aikin lissafi yake. A ƙarshen kaka ana haɗa makin mahayi na Supercross da na waje, ajin 250 da na 450 duk a jeri ɗaya. Duk wanda ya faɗo cikin goman farko, in ba shi da lambar dindindin, yana da damar zaɓar wadda ba kowa a kanta. Bayan an cire lambobin dindindin, ragowar sai a raba wa sauran bisa yawan maki: wanda ya fi maki ya ɗauki mafi ƙanƙantar da ta rage, na biye da shi ya ɗauki ta gaba, har a kai 99. Wannan rabon na shekara ɗaya ne tak. Kuma tunda masu dindindin sun riga sun mamaye ƙananan lambobi, wanda ya zo na goma sha ɗaya ba 11 zai samu ba, zai iya tsintar kansa da ashirin da wani abu ko talatin da wani abu.

Shiga goman farkon nan ya fi wuya ga ɗan ajin 250, domin kusan rabin zagayen Supercross kawai yake yi, alhali ɗan 450 yana tara maki a duka 17.

Wanda bai samu shiga ba, da sabon shiga, su ke da lamba mai harafi uku, daga 100 zuwa 999, wadda ake nema lokacin karɓar lasisi. Haiden Deegan ya yi 2023 da 238, ya tara maki, ya zaɓi 38, lambar da aka san mahaifinsa Brian Deegan da ita.

Idan mutum ya samu lambar dindindin, shi ke nan ta zama tasa har abada? Daga wata ɗaliba, Zariya.

A'a, Malama, sunan ne kawai dindindin. Sharaɗin riƙe ta shi ne mahayi ya samu aƙalla maki 25 a kakar da ta wuce. Don ki gane nauyin abin: a Pro Motocross kowane zagaye tsere biyu ne, kowanne minti 30 da ƙarin kewaye biyu, na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 22, na uku 20, a yi ta raguwa. Babura 40 ke tashi, kusan rabinsu ba sa samun ko maki ɗaya. Ga babban mahayi mai lafiya, 25 aikin yini ɗaya ne. Ga wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, ko wanda ke fitowa sau biyu uku a shekara don kada a manta da shi, abin ba sauƙi.

Inda matsala ke tasowa shi ne rauni. Wanda ya karye a farkon kaka bai samu damar tara makin ba, doka ta ba shi damar roƙon hukuma ta ajiye masa lambar, kuma ana duba irin wannan uzuri. Amma wanda ya yi ritaya, lambarsa takan koma kasuwa. Lamba 2 ta Jeremy McGrath ce, ta koma hannun Ryan Villopoto, daga baya Cooper Webb ya ɗauke ta a 2017 bayan ya ci kambun waje na 250 a 2016. Lamba 4 da Ricky Carmichael ya cinye dukkan tsere 24 na gasar waje da ita a 2002 da 2004 ta bi ta hannun Blake Baggett kafin ta isa ga Sexton. Ryan Dungey ya yi sa'a: ya ajiye tsere a 2017, ya dawo gasar waje a 2022, ya tarar ba wanda ya ɗauki 5 ɗinsa.

A ganinmu wannan sharaɗi na maki 25 adalci ne. Lambobi masu harafi ɗaya takwas ne kacal idan an cire 1. Da ba a ƙwacewa, da tsofaffin zakaru sun riƙe su duka, sabon zakara ya rasa abin zaɓa.

Me ya sa wasu zakarun ba sa karɓar ƙaramar lamba? Kuma gaskiya ne ana gudun 13? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Zaɓi ne, ba dole ba. Chad Reed ya ci Supercross a 2004 da 2008, ya ci waje a 2009, bai rabu da 22 ba. Ken Roczen, ɗan Jamus da aka haifa a 1994, ya ci kambun waje na 450 a 2014 da 2016, ya zauna a kan 94. Dalilin kasuwa ne da sabo: lambar tana jikin riguna da huluna da ake sayarwa, kamar yadda ake sanin ɗan ƙwallo da lambar rigarsa. A da ma har mai harafi uku ana iya mayarwa dindindin. James Stewart ya yi suna da 259 kafin ya koma 7 a 2006. An soke wannan damar daga baya, aka bar wa Mike Alessi 800 ɗinsa saboda ya riga ya mallake ta. Yanzu wanda makinsa ya kai shi cikin 99 dole ya ajiye tsohuwar lambarsa mai harafi uku.

Batun 13 gaskiya ne. Saboda camfin Turawa, wanda ta faɗo kansa yana da damar ƙin ta ya ɗauki ta gaba. Wasu sun sa ta, irin su Sébastien Tortelli da Heath Voss.

Ina son shirya babur ɗina irin na 'yan tsere. Mene ne ma'anar launin allon lamba, kuma yaya ake liƙa ta ta zauna? Daga wani mai gyaran babur, Kano.

Alluna uku ne, Malam: ɗaya a gaba, biyu a gefe, sai a maimaita lambar a bayan rigar mahayi. Babban aji farin allo ne da baƙar lamba. Ajin 250 baƙin allo da farar lamba. Jan allo da farar lamba na wanda ke kan gaba a maki ne a wannan lokaci, don haka yana iya sauya hannu daga mako zuwa mako. A zagayen farko zakaran bara ke ɗaukar sa. A ƙa'idar hukumar duniya FIM, tsayin lambar gaba kada ya gaza milimita 140, ta gefe milimita 100, kaurin zane milimita 25.

Wajen liƙawa, mafi yawan sitikar da ke ɓallewa laifin shiri ne. Sabuwar roba tana zuwa da maiƙo daga masana'anta, tsohuwa kuma da ragowar gam. A wanke da sabulu, a bushe, a goge da sifirit. Kada a yi amfani da fetur, yana barin maiƙo. A gwada sitikar a kan ramukan kusoshi kafin a ɓare takardar baya. A fara mannawa daga tsakiya, ana tura iska zuwa gefe da babban yatsa. Inda robar ta lanƙwashe, a ɗumama kaɗan da na'urar busar da gashi. Zafi ya yi yawa sitikar ta miƙe, lambar ta karkace. A bar ta yini guda kafin hawa ko wanki.

Abubuwa uku ke cin ta bayan haka. Allon gefen da ke kan salansa yana narkewa da zafi, maganinsa a liƙa tef mai hana zafi ta ciki. Takalmi da gwiwa suna goge allunan gefe, shi ya sa ake sa sitika mai kauri. Sai injin wanki mai ƙarfin ruwa: aka saita bakinsa a gefen sitika, zai ɗaga ta nan take.

A manyan gasanni ba ido kaɗai ke ƙirga kewaye ba. Ana ɗaura wata ƙaramar na'ura a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar gaban babur, wayar da aka binne a layin gamawa tana karanta ta duk wucewa. Idan cajinta ya ƙare ko ta faɗi, alƙalai kan koma ga lambar da suke gani, kuma ranar taɓo allunan kan rufe gaba ɗaya, sai ta bayan riga ta yi aiki.

A Turai ma haka ake yi? Daga wani ɗan kasuwa, Kumasi.

Gasar duniya ta MXGP ta fi sassauci, Alhaji. Mahayi kan zaɓi lambarsa ya yi rajista da ita, mai harafi uku ma ba laifi. Antonio Cairoli, mai kambun duniya 9, 222 ce tasa. Tim Gajser 243, Jeffrey Herlings 84, Stefan Everts mai kambu 10 kuma 72, shekarar haihuwarsa. In sun je Amurka sai su bi dokar can. Herlings ya ci zagayen Pro Motocross na filin Ironman a 2017 da 784, domin 84 tana hannun wani. Jorge Prado ya yi 'yan zagayen Supercross a 2024 da 111, makin da ya tara ya ba shi 70 a 2025.

Gasar ƙasashe, Motocross of Nations, tata hanyar daban. Kowace ƙasa mahaya uku take kawowa, kuma matsayinta na bara ke ba da lamba: ta ɗaya 1, 2, 3, ta biyu 4, 5, 6, haka har ƙasa. Amurka ba ta halarta ba a 2021, don haka da 101, 102, 103 ta ci gasar 2022 a filin RedBud na Amurka. Ostireliya ta ci karon farko a 2024 a Matterley Basin ta Ingila, sai ta shiga ta 2025 da 1, 2, 3.