Daga Rubutun Littafi Zuwa Rubutun Shiri Mai Dogon Zango

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp da Wattpad, kuma masu karatu na yawan cewa labaraina sun dace da fim. Ta ina zan fara idan ina son rubuta wa talabijin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kin yi tambayar a kan gaɓa, domin tun da satar fasaha ta karya kasuwar faifai, Kannywood ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shirin da ke fita kowane mako kuwa ba ya rayuwa sai da marubuci mai juriya.

Sai dai ki sani, a littafi kina da damar cika shafi biyu kina bayyana abin da ke zuciyar tauraruwarki, amma kyamara ba ta shiga zuciya, abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji kawai take ɗauka. Idan kin rubuta cewa hankalin Hajara ya tashi da ta ji maigida zai ƙara aure, darakta ba shi da abin ɗauka. Amma idan kin nuna ta tana zuba masa shayi, kofi ya cika har ya malala a kan tabarma ba ta ankara ba sai da ya kira sunanta sau biyu, to kin ba jaruma abin yi, kin kuma bar mai kallo ya fahimta da kansa. A ganina, nan ne marubutan littafi da yawa suke tuntuɓe, shi ya sa ake cika jin jarumai suna ta dogon bayani kan abin da ya kamata a gani.

Kowace fitowa kuma, wato yankin shiri da ke faruwa a wuri guda da lokaci guda, kuɗi ce. Lokeshan, man janareto, abincin ma'aikata da sallamar jarumai duk daga aljihun furodusa suke, don haka bikin mutum ɗari da kika rubuta a layi guda yana iya sa a ajiye aikinki. Ki riƙa rubuta wuri da lokaci a kan kowace fitowa, ciki ne ko waje, dare ne ko rana, sannan ki rufe kowane kashi da abin da zai sa a jira mako mai zuwa. Ki tuna da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, domin abin da ya wuce a zauren WhatsApp ba lallai ya tsallake ta ba.

Ki fara da taƙaitaccen labari na shafi ɗaya da cikakken rubutun kashi na farko, su za ki nuna wa furodusa. Kada ki miƙa zango guda bisa alkawarin baki. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare rubutaccen aiki ne, ba tunanin da kika faɗa a hira ba, kuma sayar da haƙƙi sai a rubuce. Yarjejeniyar ta fayyace kuɗin kowane kashi, da lokacin biya, da fitowar sunanki a allo, da kuma wanda zai rubuta zango na biyu idan shirin ya karɓu.