Tambaya da Amsa: Bugun lantarkin rage ciwo daga manhajar gyaran sauti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin lantarki. Mahaifiyarmu na fama da ciwon baya, kuma a sashen gashin ƙashi ana manna mata na'urar TENS, mai tura ƙaramin bugun lantarki ta fata don rage ciwo, tana samun sauƙi. Na ji an ce da manhajar gyaran sauti ta Audacity ana tsara irin wannan bugun, a fitar da shi ta ramin iyafis. Yaya ake yi, kuma zan iya gwada mata a gida? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Tsara bugun za mu koya maka, domin darasi ne mai amfani ga ɗalibi. Kai shi jikin mutum ne ba mu yarda da shi ba.

TENS kan yi bugu 80 zuwa 120 a daƙiƙa guda, ko kuma 2 zuwa 10 a ɗaya tsarin, faɗin kowane bugu kuwa mikrosakan 50 zuwa 250 (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Tushen aikin shi ne bayanin da masana Melzack da Wall suka fitar a 1965, cewa motsa manyan jijiyoyin taɓawa na rage saƙon zafi tun a laka, kafin ya isa ƙwaƙwalwa.

A Audacity, sa aikinka a kan samfur 48,000 a daƙiƙa, wato yawan ɗigon da kwamfuta ke yanka sauti a kowace daƙiƙa. Shiga Generate, ka zaɓi Tone, ka ɗauki siffar Square, mita (Frequency) zagaye 2,400 a daƙiƙa, tsawo samfur 20. Wannan zagaye ɗaya ne cif: samfur 10 a sama, 10 a ƙasa, kowane ɓangare kimanin mikrosakan 208. Mun zaɓi 2,400 ne don 48,000 na rabuwa da ita ba saura. Da a kan samfur 44,100 ka yi, ɓangarorin ba za su zo daidai ba. Bugu 100 a daƙiƙa na nufin samfur 480 daga bugu zuwa bugu, don haka ka ƙara shiru na samfur 460 da Silence, ka haskaka duka, ka ninka da Repeat. Ka adana a WAV. MP3 na matse sauti bisa abin da kunne ke ji, sai ya ɓata gefen bugun.

Wajen gwaji, ka haɗa rasisto mai om 1,000 a bakin fitar sautin, ka duba da osiloskof, na'urar da ke zana siffar bugun a allo. Za ka ga kusurwoyin suna ɗan rawa, saboda matatar da ke katin sauti tana yanke mitoci na can sama. Idan kuma bugu mai fuska ɗaya ka yi, wato mai ɓangaren sama kawai, a katunan da ke da kafasito a bakin fita za ka ga layin tushe ya gusa ƙasa. Kashe duk wani "inganta sauti" na kwamfutar, don shi ma yana sauya siffar.

Yanzu maganar Mama. Ramin iyafis bai cika wuce bolt ɗaya ko biyu ba, fata ba za ta ji komai ba. Nan ne mutane ke ƙara amfilifaya da taransifoma, kuma nan haɗarin yake. TENS na gaske galibi da batir take aiki, kuma an ƙayyade iyakar abin da za ta fitar. Amfilifaya kuwa ba ta san jiki ba, sifika ta sani. Ƙarar shigowar saƙo, ko fayil ya yi tsalle, ko hannu ya goga maɓallin ƙara, duk kai tsaye za su shiga bayanta. Wuta mai canza fuska da ta kai miliamfiya 10 zuwa 15 na iya ƙanƙame tsoka har mutum ya kasa saki, 'yan gommai kaɗan ta ƙirji kuwa na iya rikita bugun zuciya. Ga caja: in kwamfutar na jone da wutar bolt 230, ko janareta marar waya zuwa ƙasa, siririyar kariyar da ke cikin cajar ce kawai tsakanin Mama da wutar gida, kuma cajojin jabu sun cika kasuwa. Sannan idan ɓangaren sama da na ƙasa na bugun ba su daidaita ba, ragowar wuta mai bin hanya ɗaya na ƙona fata a ƙarƙashin mannin, wato faifan da ake manna wa jiki.

Tambaya: To idan muka sayi TENS ɗin fa, akwai abin kiyayewa? Daga ɗalibin dai.

Amsa: Akwai. Ku kai ta wurin likitan gashin ƙashin da ke duba Mama, ya nuna muku inda ake mannawa da ƙarfin da ya dace. Ba a sa ta a gaban wuya, ko a kai, ko a kan rauni, ko wurin da fata ba ta ji, ba a kuma raba mannin biyu gaba da baya a ƙirji. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya yi amfani da ita. Mai farfaɗiya da mai juna biyu sai da izinin likita. A fara daga sifili a ƙara a hankali har a ji zir-zir mai ƙarfi marar zafi, minti 20 zuwa 30. A kashe kafin a ɓare mannin, kuma in ya daina kamawa sosai a sauya shi, domin wutar na taruwa a ɗan wurin da ya rage ta yi zafi.