Tambaya da Amsa: Wace Irin Esi Ta Dace da Gida a Garin da Ke da Laima?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne amma a Legas nake kasuwanci, kuma na kusa gama ginin gida mai ɗaki huɗu da falo. Wani ya ce in sa babbar esi guda ɗaya mai raba sanyi ta bututu cikin silin, wani ya ce in sa ta bango a kowane ɗaki. A gidan hayar da nake, esi tana aiki amma kayan cikin kwaba suna yin fumfuna. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a ginin. Shawararmu ita ce ka sa ta bango mai inbata, wato wadda injinta ke rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, kowane ɗaki da tasa.

A Kano lokacin bazara zafi ne abokin gaba, iskar a bushe take. A Legas kuwa laimar iska kan wuce kashi 80 cikin ɗari, alhali ɗaki na buƙatar ta sauko ƙasa da kashi 60 kafin fumfuna ta daina samun wurin zama. Esi tana cire laima ne idan iska ta bi ta kan ƙarfen nan mai sanyi da ke cikinta, ruwan ya taru ya fita ta tiyo. Wannan aiki sai kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya daɗe yana juyawa.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su sayi wadda ta fi ƙarfin ɗakin, wai don sanyi ya zo da wuri. Cikin 'yan mintuna ɗaki ya yi sanyi, kwamfireso ya tsaya, laimar tana nan. Sai ka ji sanyi amma zanin gado kamar bai gama bushewa ba. Muna kyautata zaton abin da ke faruwa a gidan hayarka ke nan. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, mai ƙarfin doki ɗaya ta ishe shi. Idan ya kai murabba'in mita 20, doki ɗaya da rabi. Falo mai murabba'in mita 30, doki biyu. Ɗakin da ke kallon yamma ko yake ƙarƙashin kwano kai tsaye, a ƙara masa kaɗan. Amfanin inbata shi ne ba ta kashewa da kunnawa, rage gudu take yi ta ci gaba da tsotse ruwa a hankali, kuma ba ta fizgar janareto lokacin tashi.

Babbar esi mai bututu ba ta da laifi idan aka yi aikin yadda ya kamata. Tana kai iska har lungu, bango kuma ya zauna fes. Sai dai tana son a tsara ta tun a zanen gida, a bar mata fili tsakanin rufi da silin. Bututun da ba a naɗe shi da kyau ba gumi yake yi a cikin silin, ruwan ya ɗiga ya ɓata POP. Inda mahaɗa ta buɗe kuma, iska mai zafi da laima ke shiga. Ga shi za ka sanyaya ɗakunan da babu kowa a ciki, ranar da ta lalace kuma gida gaba ɗaya ya shiga zafi. Wanda ya riga ya sa ta, kada ya bar fankarta tana juyawa bayan kwamfireso ya tsaya, domin ruwan da ya taru zai koma cikin ɗaki.

Ranar da za a ɗaura maka, tsaya a kan mai aikin. Tiyon ruwa ya gangara aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, kada ya lanƙwashe ko bakinsa ya nutse cikin kwata, in ba haka ba ruwa zai dawo ya bi bango. Bututun jan ƙarfe guda biyu, kowanne a sa masa nasa baƙin soso har ƙarshe. A zuƙe iskar cikin bututun da famfon zuƙa kafin a saki gas. Masu gaggawa kan tsallake wannan, laimar da ta rage kuma ita ke cinye kwamfireso daga baya. Ramin da aka huda a bango a toshe shi. Idan kana kusa da teku, nemi wadda aka shafe ƙarfen injinta na waje da maganin tsatsa, saboda gishirin iska.

Bayan haka, ka ajiye rimot a kan 24 ko 25, da damina ka danna alamar ɗigon ruwa, wato tsarin cire laima. Ragar gaba a wanke ta duk sati biyu. Sau biyu a shekara mai gyara ya buɗe ta ya wanke doguwar fankar ciki, don a nan baƙar fumfuna ke ɓuya, daga nan kuma warin da kake ji idan an kunna yake fitowa. Kwabar kuma a riƙa barin ƙofarta a buɗe na ɗan lokaci idan esi na aiki.