Tambaya Da Amsa Kan Lafiya: Iyafis A Kunne, Inji A Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai injin niƙa ne a Gusau, tun safe har la'asar ina gaban inji. Ƙarar tana damuna, shi ya sa nake sa iyafis in ƙure murya ina sauraren karatu, sai in ji sauƙi. Wani ya ce cutar kaina nake yi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, malam. Iyafis ba ya rage rugugin inji, wata ƙarar yake ɗorawa a kansa. Kafin ka ji muryar mai karatu, sai ta fi injin ƙarfi a cikin kunnenka. Hankalinka ne ya huta, kunnen kuwa kaya biyu ya ɗauka.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar mutum biyu kusan 60 ce. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Wato 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 awa 1, in ta kai 100 kuwa minti 15 kacal. Wanda ke tsaye gaban injin niƙa yakan sha ƙarar da ta haura 90, wayar da aka ƙure muryarta kuma tana iya zuba fiye da 100 a kunne. Ka ga kafin hantsi ka cinye rabonka na yini.

Ga inda ɓarnar take. Sauti yana bugun dodon kunne, ya bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku, ya isa wani sashe mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kusan 15,000 a kowane kunne, su ne ke aika saƙo ga jijiyar ji. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iskar hadari ke kwantar da dawa a gona. Da farko sukan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa kake tashi aiki kunne a toshe, gari ya waye ka ji garau. In abin ya zama na kullum sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Ba ciwo, ba jini, shekaru suna tafiya mutum bai ankara ba. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin “s” da “f” da “ts”, don haka koken farko da ake kawowa asibiti shi ne: “Ina jin ana magana, amma ba na ganewa,” musamman a kasuwa ko taron biki.

Ka ajiye iyafis har ka tashi aiki, ka sayi matoshin kunne na soso. In ba zuba hatsi kake yi ba, ka ja baya: a fili, duk ninka tazara tsakaninka da inji yana rage kusan desibel 6. Ka ɗaure ƙusoshin da suka sassauta, ka gyara salansa. Yaran da ke taya ka aiki su ma kunnensu amana ne a wuyanka.

Tambaya: Ina aiki a sashen amsa kiran kwastomomi a Abuja, hedifon na kunnena awa takwas, in na koma gida kuma in kalli fim da shi. Wane mizani zan bi?

Amsa: 'Yar'uwa, kunne bai san ofis da gida ba, lissafinsa ɗaya ne. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019 shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yara. A 86 awa 10 ce a mako, a 92 awa biyu da rabi. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

Kada muryar ta wuce kashi 60 cikin 100. In iPhone gare ki, ki shiga saitin sauti, wurin da aka rubuta Headphone Safety, ki kafa iyaka a 80. Yawancin wayoyin Android suna gargaɗi in an haura, kada ki danne shi ki wuce. Ki cire hedifon na minti biyar zuwa goma kowace awa. Abin da ke sa ma'aikata ƙara murya shi ne hayaniyar abokan aiki, saboda haka hedifon mai rufe kunne duka biyu ya fi mai kunne ɗaya. In soson ya tsage a canza shi, domin ta nan hayaniya ke kutsawa.

Tambaya: Ni ne mai kula da ma'aikata 30 a wata masana'anta a Sharaɗa, Kano. Mun raba matoshin kunne amma samarin sun ƙi sawa, sun fi son bulutut ɗinsu, wai yana kashe ƙara. In ƙyale su?

Amsa: Kada ka ƙyale su, Alhaji. Fasahar kashe ƙara da ke cikin irin waɗannan na'urori tana rage gunji mai kauri wanda ba ya sauyawa, kamar na jirgin sama ko janareto. Bugun guduma da kukan giranda suna wuce ta. Ga kuma haɗarin da ya fi kurumta gaggawa: mai waƙa a kunne ba zai ji odar motar ɗaukar kaya ba, ba zai ji an ce “kashe inji!” ba.

Ka fara da awo. In babu na'urar auna ƙara, ka tsaya tazarar hannu ɗaya da mutum. In sai ka ɗaga murya yake jin ka, wurin ya kai 85 ko ya wuce. Sannan ka tara su ka koya musu sawa, domin yawancin masu cewa matoshin ba ya aiki a bakin kunne suke maƙala shi. Da hannu mai tsabta za a murza soson har ya zama siriri. A zagaya ɗaya hannun ta saman kai a ja kunnen sama da baya don hanyar ta miƙe, a tura, a riƙe da yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In ya zauna daidai, wanda ke kallonka ta gaba da ƙyar zai hango shi, muryarka kuma za ta yi maka kauri. Auduga ko takarda da ake cusawa ba kariya ba ce.

Akwai lissafin da ya kamata kowane ma'aikaci ya ji. Komai ingancin matoshi, in an cire shi na awa 1 cikin awa 8 a cikin ƙara, kariyar yinin ba za ta wuce desibel 9 ba. Inda ƙara ta haura 100, a haɗa matoshi da marufin kunne mai kama da hedifon. Masu tabarau su lura, ƙafar tabarau tana ɗaga marufin ta bar kafa.

A yi wa kowa gwajin ji ranar ɗaukarsa aiki, a maimaita duk shekara, a adana sakamakon. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke aiwatarwa, ta ambaci raunin ji da aiki ya jawo cikin abubuwan da ake biya wa diyya, kuma gwajin farkon shi ne hujjar da za a kwatanta da ita. Kai ma ka sa naka duk lokacin da ka shiga ɗakin inji, in ba haka ba samarin ba za su ɗauki maganar da gaske ba.

Tambaya: Ɗan sahu ne ni a Katsina. Kunnena na yin “wiii” da dare. An ce in ɗiga man zaitun.

Amsa: Mai ba ya isa wurin da matsalar take, yana tsayawa ne a gaban dodon kunne. Wannan kukan sau da yawa alama ce ta gajiyar ƙwayoyin halittar cikin kunne da muka ambata a sama. Ka daina tuƙi da iyafis, kada ka sa tsinke ko gashin kaza. In ya wuce mako bai lafa ba, ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi maka gwaji. In kuwa ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko da jiri ko babu, ranar nan za ka je, domin maganinsa ya fi ci a kwanakin farko.