Kwazazzabo na cin gonata, ina tallafin da ake faɗa?

Wani manomin masara daga Igabi a jihar Kaduna ya aiko cewa kwazazzabo ya cinye masa kusan rabin gona. Ya ji ana maganar tallafin gyaran muhalli, yana son sanin ta inda ake samu.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Shirin da kake ji shi ne ACReSAL, wato shirin taimaka wa noma da muhalli su jure sauyin yanayi a yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 da kuɗi dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Kaduna na ciki. Manufarsa farfaɗo da hekta miliyan ɗaya na ƙasar da ta lalace. Sai dai ba a damƙa wa mutum ɗaya kuɗi a hannu. Babban kwazazzabo aikin injiniyoyi ne, kwangila ake bayarwa. Kuɗin da ke isa ga manoma kuwa ta hannun ƙungiya yake bi, kuma bashi ne mai juyawa: ku biya, a ba na bayanku.

Saboda haka ka tara maƙwabtan gonarka, domin ruwan da ke cin taka ta gonakinsu yake gangarowa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku buɗe asusun banki da sunanta, ku ɗauki hoton wurin, ku rubuta koke da sa hannun mai unguwa ko hakimi, ku kai ofishin shirin ta ma'aikatar muhalli ta jiha. Malamin gona na yankinku zai iya yi muku jagora.

Amma don Allah kada ka naɗe hannu kana jiran amsa, ruwan Agusta ba zai jira ka ba. Daga sama ake tarar kwazazzabo, inda ruwa ke fara tsaga ƙasa. Ka jera duwatsu ko buhunan ƙasa a gicciye cikin ƙananan hanyoyin ruwa, ka dasa jema ko gamba a bayansu da bakin ramin, saiwarsu na riƙe ƙasa ƙam. Kunya ma a riƙa yin ta a gicciye, ba a miƙe bin gangare ba. Yana ci mini rai in ga gona mai kyau ta tafi saboda huɗar da ta yi wa ruwa hanya.

Wata shugabar ƙungiyar mata daga Kachia ta tambayi irin bishiyar da za su nema idan an zo rabon dashe.

Hajiya, ku nemi wadda za ta ba ku amfani har ku ji ƙwarin kula da ita: ɗorawa, mangwaro, kashu, zogale. Turare yana da shan ruwa, a bar shi can gefe, ba tsakiyar gona ba. Ku dasa a Yuni ko Yuli da ruwa ya zauna, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. Tohon kaɗanya da ya fito da kansa kuma a daina sare shi lokacin sharar gona, ya fi dashe jure rani.

Wani kuma ya ce an tallata masa fom na tallafin a kan naira dubu biyar. Malam, riƙe kuɗinka. Ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya kafin ka ba kowa ko kwabo.