Ku Tambayi Injiniya: Me ke tsayar da ginin asibitocin gwamnati?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato asibitocin da gwamnati ke fara ginawa sai a bar su kango, ko kuma a gama bayan kuɗin ya ninka. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah ina da tambaya. A garinmu an fara gina mana asibiti tun ina amarya, aka zo da jiniya da makaɗa aka ɗora tubali, gini ya kai linta kawai sai muka ga ma'aikata sun kwashe kayansu sun tafi, yanzu ɗana na fari har ya shiga firamare amma ciyawa ce da awaki a ciki. Haihuwata ta ƙarshe a bayan a-kori-kura aka kai ni babban asibiti cikin dare, wallahi na sha wuya. Wasu sun ce ɗan kwangila ne ya cinye kuɗin wasu kuma sun ce ɗan majalisa ne. Wai laifin wa ne? Daga Maman Khalifa, jihar Katsina.

Amsa: Wa'alaikumussalam Maman Khalifa, sannu da wahala, Allah ya raya yaran. Cin kuɗin kwangila akwai shi, babu mai musun wannan, amma kin ga wannan tsayawa a linta da kika faɗa, yawanci tana nuna cewa tun farko ba a tanadi kuɗin gama aikin ba, an dai tanadi na farawa ne kawai.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan aka sa aiki a kasafin kuɗi, rubutu ne a takarda, ba wai kuɗin na ajiye a wani akwati ba ne. Sai an saki kuɗin tukuna, kuma sau da yawa abin da ake saki na manyan ayyuka ba ya kai abin da aka rubuta, domin albashi da biyan bashi su ake fara cirewa, gini shi ke jira. Kasafin tarayya na 2024 ma ai sai da majalisa ta yi ta ƙara wa ɓangaren manyan ayyukansa wa'adi har ƙarshen 2025. To shi ɗan kwangila ana ba shi kuɗin kafin alƙalami ya fara aiki, dokar ba da kwangila ta 2007 ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Wannan kuɗin shi ne zai haƙa fandisho ya ɗora bulo, a ƙaramin gini irin naku kusan a linta yake ƙarewa. Daga nan sai injiniyan gwamnati ya zo ya auna aikin ya ba da satifiket, sannan a biya kashi na gaba. Idan wannan biyan bai zo ba, shikenan, birkila da lebura ba za su yi aiki bashi ba.

Sai kuma babbar cutar, canjin gwamnati. Wanda ya zo ba ya son ƙarasa aikin wanda ya gada saboda kada a ce na wane ne, gara ya ɗora nasa tubalin a wani wuri. 'Yan Kano ba za su manta da asibitin Giginyu da asibitin yara na titin gidan zu ba, an fara su zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya sauka a 2011 ba a gama ba, suka zauna shekaru a haka, sai gwamnatin Ganduje ta ƙarasa aka buɗe a Disambar 2017 lokacin da Buhari ya kawo ziyara. Na Kaduna ya ma fi ciwo, asibitin ƙwararru mai gado 300 da ke Millennium City an fara shi a 2009 zamanin Namadi Sambo, Yakowa ya zo, Yero ya zo, El-Rufa'i ya yi shekara takwas, sai a watan Yunin 2025 zamanin Uba Sani aka buɗe. Shekara 16 ke nan. Ki yi tunanin matan da suka yi naƙuda a hanya da marasa lafiyar da aka yi ta turawa Shika ko Abuja a cikin waɗannan shekarun.

Ni a ganina laifin farko yana kan wanda ya sa hannu a kan kwangila alhali ya san babu kuɗin gamawa, na biyu yana kan wanda ya zo ya tarar da kango ya ɗauke kai. Ɗan kwangila yana iya shiga na uku, in an biya shi ya gudu. Ki karanta amsar ƙarshe, akwai yadda za ku bi ku gano wanne ne naku.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ni ɗan kwangila ne kuma gaskiya na gaji da zagin da ake mana. Na karɓi aikin ɗakin haihuwa farkon 2023 lokacin buhun siminti bai kai dubu biyar ba, kafin a biya ni kashi na biyu ya haura dubu goma, rodi ma haka, ga kuɗin ruwan banki yana ta hawa a kaina, na rubuta a sake duba farashi shiru kake ji. Yanzu ko na ci gaba asara zan yi, in na tsaya a ce ɓarawo. Ya zan yi? Daga wani Alhaji, jihar Bauchi.

Amsa: Alhaji maganarka gaskiya ce kuma ya kamata jama'a su ji ta. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati kafin watan Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. A wannan watan ne siminti ya yi tashin da sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a dawo da buhu tsakanin dubu 7 zuwa dubu 8. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, babban banki kuma ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, ka ga wanda ya ci bashin banki ya yi aikin gwamnati yana jiran biya, ribarsa banki ne ke cinye ta.

Kuma ginin asibiti ba kamar ajin makaranta ba ne, wannan mutane da yawa ba su gane ba. Akwai bututun iskar oksijin da ake bi da shi ta cikin bango, akwai ɗakin tiyata da yake buƙatar nasa sanyi da tace iska, ɗakin eksire sai an sa masa kariyar dalma, ga janareto da sola da wayoyi na musamman, ga na'urorin kansu. Kusan duk waɗannan da dala ake sayo su. Don haka duk watan da aka ƙara ana jan ƙafa, kuɗin gama aikin ƙaruwa yake, jinkirin da kansa shi ke cin kuɗin talakawa. Gwamnatin da ta ƙi biyan miliyan 50 yau da sunan babu kuɗi, ita ce za ta biya ninkinsa bayan shekara biyu, a kan gini ɗaya.

Amma fa Alhaji in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, a cikinku akwai masu ɓata muku suna. Akwai mai karya farashi don ya ci kwangila yana sane ba zai isa ba, yana jiran ya dawo neman ƙari daga baya. Akwai mai karɓar kuɗin kafin alƙalami ya sai mota ko ya kai wani aikin nasa da ya maƙale. Akwai wanda bai taɓa riƙe cebur ba, siyasa ce ta ba shi takarda ya sayar, wanda ya saya shi ma ya sayar, kafin ta isa hannun mai yin aikin an zaftare kashi mai yawa, to daga ina za a cike giɓin in ba daga rage siminti da rodi ba? Ita ma ma'aikata tana da nata, a fara gini zane bai kammala ba, ana tsakiyar aiki a ce a ƙara bene ko a mayar da ɗakin magani ɗakin gwaji.

Shawarata, kada ka bar fili haka kawai ka yi shiru. Ka rubuta wasiƙa a buga maka hatimin an karɓa, ka haɗa da rasit na farashin da da na yanzu da hotunan inda aiki ya tsaya. Dokar tarayya ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da aiki jinkiri ne kuma akwai kuɗin ruwa a kansa, in aikin jiha ne ka duba dokar jiharku da takardar yarjejeniyarka tare da lauya. Nan gaba kuma kada ka sa hannu sai akwai sharaɗin hawa da saukar farashi, kuma da kuɗin farko ya shigo ka sayi rodi da kwano da waya da tayil ka ajiye, siminti ne kawai ba ya son dogon ajiya. In da hali ka yi ƙoƙari ka kai ginin nan rufi, ko don damina.

Tambaya: Malam Injiniya gaisuwa daga Kumasi. Mu ma nan an mana alƙawarin asibitoci 111 har yau muna jira. Shin wannan ciwon na baƙar fata ne kawai? Daga Ɗan Zango.

Amsa: Ɗan'uwa ina amsawa, a gaida mutanen zango. A'a, ba namu ba ne mu kaɗai. A Ingila asibitin Royal Liverpool an shirya buɗe shi a 2017, kamfanin Carillion da ke ginin ya durƙushe a Janairun 2018, aka kuma gano matsaloli a ginin, sai Oktoban 2022 aka shiga. A Dublin ta ƙasar Ayalan asibitin yara da aka yi wa ƙiyasin yuro miliyan 650 ya haura biliyan biyu. Bambancin shi ne su suna da tsohon asibiti mai aiki da marasa lafiya ke zuwa kafin a gama sabon, mu kuwa sau da yawa wannan kangon shi ne kaɗai abin da gari ke jira.

Shirin asibitocin naku, Agenda 111, shugaban Ghana na lokacin Akufo-Addo ya ƙaddamar da shi a Agustan 2021 a Trede da alƙawarin wata 18, sai ƙasar ta faɗa rikicin bashi a 2022, har ya sauka a Janairun 2025 'yan ƙalilan ne aka buɗe. Fara gini sama da ɗari lokaci guda ba tare da kuɗi a hannu ba, ai an raba ɗan abin da ke akwai ne ta yadda ko'ina an taɓa amma babu inda ya isa. Kuma darasi mafi zafi yana nan garinku, ginin haihuwa da yara na asibitin Komfo Anokye da aka fara a 1976, ya zauna sama da shekara 40, da aka dawo za a ƙarasa sai injiniyoyi suka ce ya lalace, rushe shi aka yi. Rodin da ya sha ruwa da rana tsatsa yake yi ya fasa kankare daga ciki, kango ba ya jiran kowa.

Tambaya: Slm. Namu an gama shi tsaf har da fenti, an zo an yanke kyalle, amma shekara guda ke nan a kulle, ba gado ba ma'aikaci. Mu matasan unguwa me za mu iya yi? Daga wata ɗaliba, jihar Jigawa.

Amsa: Ƙanwata wannan ma wani nau'in jinkirin ne, kuma yana yawan faruwa da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. A gina ba a tuntuɓi hukumar lafiya matakin farko ta jiha ba, alhali ita ce za ta turo nas da ungozoma ta biya su albashi. Kwangilar gini daban, ta kayan aiki daban, ɗaukar ma'aikata daban, sai a yi ta farko a manta da sauran biyun saboda ba sa fitowa a hoto.

Ku fara da allon da aka kafa a bakin ginin, ku ɗauki hotonsa, a nan za ku ga ma'aikatar da ta ba da aikin da sunan kamfani. Ku haɗu da mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓarku, ku rubuta wa wannan ma'aikatar kuna tambayar abu huɗu: nawa ne kuɗin kwangilar, nawa aka biya, an miƙa ginin ga hukumar lafiya ko ba a miƙa ba, kuma akwai kayan aiki a cikin kwangilar ko babu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa, kuma a 2025 kotun ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Amsar nan ita za ta nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. In an biya kuɗin kaya amma babu kayan, ku kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, tun 2019 take bibiyar ayyukan mazaɓu kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki, sannan ku tura hotuna ga Tracka, shirin ƙungiyar BudgIT mai bibiyar ayyukan gwamnati. In kuma ma'aikata ne babu, to ku nufi shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar jiha, ku nemi a turo ko da ungozoma ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya a fara awo da rigakafi, ku kuma tambaya ko za a sa asibitin cikin masu samun kuɗin asusun kula da lafiya na matakin farko wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Ku tafi da iyaye mata cikin tawagar, kuma ku riƙe kwafin kowace wasiƙa da hatiminta. Maman Khalifa, ku ma wannan hanyar za ku bi, sai dai ku ƙara tambayar ko aikin naku yana cikin kasafin bana.