Foklif ta taka maka ƙafa, oga ya ce laifinka ne

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko za ka samu diyya tunda foklif, wato motar ɗaga kaya, ta taka maka ƙafa a sito, oga kuma ya ce kai ka tsaya a hanyarta. Eh, akwai hakkinka. A yawancin ƙasashen da ke da dokar diyyar ma'aikata ba a tambayar laifin waye, abin da ake dubawa kawai shi ne a bakin aiki abin ya faru ko a'a, inshorar diyyar ma'aikatan ce ke biyan kuɗin asibiti da wani kaso na albashinka na kwanakin jinya. Inda ake iya hana mutum shi ne in a buge yake ko da gangan ya ji wa kansa. Kuma ai foklif da tayoyin baya take juyawa, bayanta ke shararowa gefe ta kwashe wanda ke ganin ya kauce.

Sharaɗin dai kar ka yi sanya wajen kai rahoto, kuma a rubuce, ka riƙe kwafi, don akwai wa'adi. Wani abokin aikina haka ya yi ta shafa man zafi sati biyu wai targaɗe ne, sai da ƙafar ta kumbura takalmi ya ƙi shiga aka ɗauki hoto ashe tsagewar ƙashi ce, kamfani kuma suka ce ina shaidar a nan ya ji? Wallahi ya sha wuya kafin a biya shi. Ka je asibiti yau, ka sa likita ya rubuta cewa a wurin aiki ne, ka karɓi sunayen waɗanda suka gani.